Shanyewar Ɓarin Jiki a Yara Masu Sikila: Yadda Ake Hango Ta, da Abin Yi Ranar da Ta Zo

A gidan da ake rainon yaro mai sikila, da kuka ake gane ciwo ya tashi. Yaro ya ce ƙafarsa, ya ce bayansa, ya ce ƙirjinsa, sai uwa ta ɗora ruwan zafi, a nemo maganin rage raɗaɗi, in abin ya faskara a nufi asibiti. Shanyewar ɓarin jiki kuwa mafi yawan lokaci ba ta zuwa da raɗaɗi ko kaɗan. Yaro yana cin tuwo loma ta suɓuce masa, ya sake ɗauka ta sake faɗuwa. Ko ya tashi da safe yana jan ƙafa ɗaya, a tambaye shi ko tana ciwo ya girgiza kai. Sai hankalin kowa ya kwanta, a ce tunda ba ya kuka ai da sauƙi, a bari zuwa gobe a gani. Kafin goben nan ta zo, an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Yawancinmu mun ɗauka wannan lalura ta tsofaffi ce masu hawan jini. A wajen masu sikila ba haka abin yake ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa in ba a ɗauki matakin kariya ba, kusan yara 11 cikin kowane 100 masu SS za su gamu da ita kafin su cika shekara 20, kuma ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. A Najeriya ana ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara, don haka ba ƙaramin adadi ake magana a kai ba. Sai dai cikin duk musibun da sikila ke jawowa, wannan tana cikin 'yan kaɗan da ake iya hangowa tun da sauran watanni, a kuma tare ta da maganin da bai fi ƙarfin gida mai matsakaicin hali ba.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa, su yi tauri, su riƙa mannewa a bangon jijiya, kuma suna saurin fashewa. Yau da gobe suna raunata manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, waɗanda suka hauro ta wuya suka rarrabu a gindinta, har bangon ya yi kauri, hanya ta tsuke. Ga kuma ƙarancin jini. Tunda jinin yaron ba ya ɗaukar isasshiyar iskar oksijin, kullum ƙwaƙwalwarsa tana jan jini ne iya ƙarfinta, ba ta da rara. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ko ciwon ƙirji ya ƙara zaftare jinin, sashen da ke bayan tsukakkiyar jijiyar sai ya rasa abin rayuwa ya mutu. In ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa abin ya shafa, ɓarin dama na jiki ne zai saki, sau da yawa har da magana. Akwai nau'i na biyu, inda jijiya ke fashewa jini ya zuba a cikin kai. Shi ya fi samun matasa 'yan shekara ashirin da wani abu, kuma yana zuwa da matsanancin ciwon kai.

Mataki na farko: ku san ainihin jinotaif ɗin yaron

Ba duk mai sikila ne haɗarinsa yake ɗaya ba. Masu SS su ne a sahun gaba, tare da wani nau'i da ba shi da yawa a wajenmu, inda S ya haɗu da cutar talasimiya mai tsanani. Masu SC haɗarinsu bai kai haka ba. Mai AS kuwa ba majiyyaci ba ne, wannan jagora ba da shi take ba.

Kada a rikita jinotaif da rukunin jini, wato su O da A da B. Abu biyu ne daban, kuma yaron yana bukatar a san kowanne. Idan an ƙara wa yaro jini, kada a yi masa awon jinotaif sai bayan wata 3, domin jinin wanda ya ba shi yana iya sa mai SS ya fito kamar AS. Irin awon da aka fi yi a ƙananan dakunan gwaji kuma ba ya ba da amsa tsayayya kafin jariri ya kai wata 6. Jaririn da hannuwansa ko ƙafafunsa suka kumbura yana ta kuka a wajen wannan lokaci, a gwada shi ko da iyayen sun ce su lafiyarsu ƙalau.

Da zarar an tabbatar, a yi masa rajista a asibitin da ke da ranar ganin masu sikila, a sayi ƙaramin littafi na musamman. A shafin farko a rubuta jinotaif, rukunin jini, nauyinsa, da PCV ɗinsa, wato awon yawan jininsa, na lokacin da yake lafiya. Wannan lamba ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai: yaron da ya saba zama a 24 aka same shi a 17, jininsa ya faɗi sosai, kuma likitan da bai san shi ba ba zai gane hakan ba sai kun nuna masa.

Mataki na biyu: ku nemi awon TCD tun yana shekara 2

Wannan shi ne zuciyar maganar. TCD na'ura ce da ke aiki da amo, dangin wadda ake duba masu ciki da ita, amma ita gudun jini take aunawa a cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ku lura da mai wankin mota: in ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan sai ya fito da ƙarfi ya yi nisa. Haka jini yake yi in ya zo wucewa ta tsukakkiyar jijiya. Na'urar ba ta ganin tsukewar kai tsaye, saurin take ji, saurin kuma shi ke tona asirin abin da ke ciki.

Babu allura, babu yanka, babu maganin barci. Yaro zai kwanta rigingine, a shafa masa wani mai santsi a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ya fi siranta. Sai a ɗora wani ɗan abu mai kamar kan tocila a wurin, ana karkata shi a hankali har a kamo jijiyar. Za ku ji wani sauti shuu, shuu, yana bin bugun zuciya. A yi gefen dama, a yi na hagu. Yawanci bai wuce minti 30 zuwa 45 ba.

Akwai abubuwan da ke ɓata sakamako, kuma suna hannun iyaye. Ba a son yaron ya yi barci lokacin awon, ba a kuma son yana tsala kuka, domin duka biyun suna canza gudun jini. Ku ciyar da shi kafin ku fito, ku riƙo masa abin wasa ko waya ya riƙa kallo. Ba a yin awon yana cikin zazzaɓi ko ciwonsa ya tashi, ko kwanan nan aka ƙara masa jini. In hakan ta kasance ku faɗa, a sa muku wata rana.

Ka'idar ita ce duk yaro mai SS a yi masa sau ɗaya kowace shekara daga shekara 2 har zuwa 16. Ba a jira sai an ga alama, domin an tsara awon ne don yaron da ke gudu yana tsalle lafiya lau. A Kano an yi wa dubban yara wannan awo ta hanyar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, a Kaduna kuma akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mutanen Nijar su fara tambaya a cibiyar ƙasa mai kula da masu sikila da ke Yamai. Wanda ke nesa da waɗannan ya tambayi likitan yaronsa kai tsaye: "Likita, an taɓa yi wa yaron nan TCD? In ba a yi a nan, ina za ku tura mu?" Likitan da ke ganin yara ɗari a rana yana iya mantawa, uwa kuwa ɗanta kaɗai take lissafi. Ko da tafiyar wuni guda ce sau ɗaya a shekara, ni a ganina ta cancanci kuɗin mota.

Mataki na uku: ku karanta lambar da kanku

Sakamakon lamba ce, ana auna ta da santimita a daƙiƙa ɗaya. In ta gaza 170, lafiya, a dawo baɗi. Daga 170 zuwa 199 yaron yana bakin iyaka, a sake awon bayan wata 3 zuwa 6, kuma in ƙarami ne ko lambar ta kusa 200, gara a matso da lokacin. Daga 200 zuwa sama akwai haɗari. Akan maimaita awon cikin mako ɗaya ko biyu don a tabbatar, sannan a fara magani ba tare da ɓata lokaci ba. Yaron da ke wannan rukuni in aka bar shi haka, cikin kowane 100 irinsa kusan 10 ne ɓarin jikinsu ke shanyewa kowace shekara.

Kada ku yarda da "ba komai" na baki kawai. Ku nemi a rubuta muku lambar gefen dama da ta hagu a littafinku, da kwanan wata. Yaron da bara yake 140 bana ya koma 168, duka biyun a takarda lafiya ne, amma ai an ga inda ya dosa. Wani lokaci kuma na'urar ba ta iya kamo jijiyar saboda kaurin ƙashi. Wannan ba ya nufin lafiya, yana nufin ba a gani ba, sai a sake ko a nemi wani hoton.

Mataki na huɗu: in lambar ta hau, akwai hanya biyu

Hanya ta farko ita ce ƙarin jini a kai a kai, duk mako 3 zuwa 4, don a rage yawan jinin sikila a jiki ya koma ƙasa da kashi 30 cikin 100. Gwajin da ya kafa wannan hanya, wanda ake kira STOP, an yi shi a Amurka a kan yara 130, aka buga shi a 1998. Cikin waɗanda ba a ƙara wa jini ba, 11 suka samu shanyewa, cikin waɗanda aka ƙara wa kuwa ɗaya tak. Aiki yana yi, babu musu. Amma duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare ya san abin da ake nufi da a ce kowane wata, shekara da shekaru. Ga kuɗin gwaji, ga tsoron ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini in ba a tace da kyau ba, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a hanta da zuciya har sai an sha wani magani mai tsada don fitar da shi.

Hanya ta biyu ita ce maganin haidiroksiyuriya, wanda za ku ga an rubuta Hydroxyurea a jikin kwalinsa. Aikinsa shi ne ya sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a cikin ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Jini yana ƙaruwa, ƙwayoyin suna daɗewa ba su fashe ba, gudun da TCD ke ji yana sauka.

Hujjar wannan hanya ba daga waje aka kawo mana ita ba, a gida aka samo ta. Likitocin Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi gwajin da aka sa wa suna SPRING a kan yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, dukkansu TCD ɗinsu ya kai 200 ko ya wuce. Aka ba rabi miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu kullum, rabi kuma miligiram 20. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna yara 8 ne kawai cikin 220 suka samu shanyewa a tsawon gwajin, wato tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, maimakon 10 ɗin da aka sani in ba magani. Tsakanin awon biyu ba a ga bambanci ba wajen kare ƙwaƙwalwa, amma masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ma, a jagorarta ta 2020, ta ba da shawarar a yi amfani da wannan magani a ƙasashen da ƙarin jini kowane wata ba zai yiwu ba.

Wace hanya za a bi, likitan yaron ne zai yanke tare da ku. Abin da ba shi da kyau shi ne hanya ta uku da mutane da yawa ke bi ba tare da sun ce sun zaɓe ta ba: a karɓi takarda a ninke a sa ƙarƙashin katifa, a ce ai yaron lafiyarsa ƙalau.

Mataki na biyar: yadda ake ba da maganin a gida

Awon maganin yana bin nauyin yaro. Yaro mai kilo 15 da aka sa wa miligiram 20 a kilo, miligiram 300 ke nan a rana. In ya girma ya kai kilo 20 ana nan a kan 300, maganin ya yi masa kaɗan, don haka duk zuwa asibiti a hau sikeli. Ƙwayar tana zuwa da ƙarfi daban-daban, akwai mai 100, akwai mai 500, saboda haka ku duba kwali duk lokacin da aka sayo sabo. Kada a ari na ɗan maƙwabta, kada mai kemis ya yanka muku awo.

Sau ɗaya ake sha a rana, a lokaci guda. Ku ɗaura shi da wani abu da ba ya wuce ku, kamar bayan sallar isha'i. In an manta yau, gobe ba a ninkawa. In yaron bai iya haɗiyar ƙwaya ba, ma'aikacin asibiti ya nuna muku yadda ake buɗe ta a zuba a ɗan ruwa a cokali. Wanda ya buɗe ya wanke hannu, mai juna biyu kuma ta bar wa wani ya yi.

Maganin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, shi ya sa ake awon jini gaba ɗaya, wanda ake rubuta FBC, kusan kowane wata a farko, daga baya duk wata 2 zuwa 3. Farce kan yi duhu a wasu yara, wannan ba abin tsoro ba ne. Ba kuma a ganin amfaninsa a mako ɗaya, sai an yi watanni.

Akwai maganganu biyu da ke sa iyaye su daina. Wani zai karanta takardar cikin kwali ya ga an ambaci ciwon daji, sai ya ce maganin kansa ake ba yaron. Gaskiya ne da shi ake maganin wasu cututtukan jini na manya, amma an shafe shekaru da dama ana ba masu sikila, ba a kuma ga yana jawo musu kansa ba. Gwajin da aka yi a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka buga a 2019, ya nuna yaran da ke shansa sun samu raguwar tashin ciwo, ƙarin jini, mutuwa, har da zazzaɓin cizon sauro. Magana ta biyu ita ce haihuwa. Yana iya rage ƙwayoyin maniyyi a wajen maza lokacin da ake shansa, sikilar ma kanta tana yin haka. Wannan magana ce da za a zauna da likita a yi ta, ba dalilin jefar da kwali a ɓoye ba. Uban da ke auna wannan ya sa hannu da ƙafar yaron a ɗaya gefen ma'aunin.

Mataki na shida: ku toshe ƙananan ƙofofi

Duk abin da ke zaftare jini farat ɗaya yana iya zama sanadi. Gidan sauro kowane dare, maganin rigakafin zazzaɓi da folik asid kamar yadda aka rubuta, fenisilin ga 'yan ƙasa da shekara 5, alluran rigakafi cikakku. Zafin jiki ya kai 38.5, asibiti ne a ranar. Tafin hannu ko cikin fatar ido ya yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta hagu, a tafi nan take. Ruwa ya zama yana kusa da shi kullum, musamman a zafin Maris zuwa Mayu, kuma kada a bar shi ya yi gasar azumi da sa'o'insa sai likita ya amince. Yaron da ke minshari mai ƙarfi yana ɗauke numfashi cikin barci, a faɗa wa likita, domin iskar jininsa tana sauka da dare. A riƙa auna masa hawan jini ma. Makonnin da ke biyo bayan ciwon ƙirji mai tsanani kuma lokaci ne na sa ido sosai.

Shanyewar da ba a gani

Akwai wadda ke faruwa a ɓoye, ta kashe ɗan ƙaramin wuri a ƙwaƙwalwa ba tare da hannu ko ƙafa sun nuna ba. Ta fi ta fili yawa nesa ba kusa ba: kusan yaro ɗaya cikin uku masu SS yana samun ta kafin ya girma. Hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI ne kaɗai ke nuna ta, TCD ba ya gani. A aji ake fara lura. Yarinyar da ke rubutu tsaf sai rubutunta ya wargaje. Yaron da ya haddace sura jiya, yau kamar bai taɓa jin ta ba. A aike shi sayen abu uku ya dawo da ɗaya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne irin waɗannan yara bulala suke sha, a boko da islamiyya, ana ce musu daƙiƙai ko malalata. In kun ga karatun yaro mai sikila ya ja baya haka kawai, ku ɗauki littattafansa na bara da na bana ku kai wa likita ya gani, ku kuma samu malaminsa ku yi masa bayani: a zaunar da shi gaba, a riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarrabawa.

Mataki na bakwai: kowa a gidan ya san alamomin

Ba uwa kaɗai ba. Kaka, yayye, abokiyar zama, malamin makaranta, duk wanda yaron ke wuni a hannunsa. Alamomin su ne baki ya karkace ko yawu ya riƙa zuba ta gefe ɗaya, hannu ko ƙafa su saki, magana ta sarƙe ko ta ɗauke, tafiya da tangaɗi, gani ya dushe ko ya riƙa ganin abu biyu, farfaɗiya, barcin da ba a iya tashinsa, ko ciwon kan da bai taɓa yin irinsa ba.

Gwajin gida bai kai minti ɗaya ba. Ku ce ya yi muku dariya ku ga haƙora: gefe ɗaya ya tsaya? Ku ce ya miƙa hannu biyu gaba ya rufe ido ku ƙirga goma: ɗaya yana zamewa ƙasa? Ku ce ya faɗi sunansa da na babansa. In ƙarami ne da ba ya bin umarni, ku miƙa masa biskit ta dama, ku sake miƙa masa ta hagu, ku ga ko akwai hannun da ya ƙi tasowa. Yaron da aka sani da cin abinci da dama ya wayi gari yana ci da hagu, kada a tsawata masa, a duba shi. Ɗingishin ciwon ƙashi yana da zafi, in an taɓa wurin yaro zai yi ƙara. Ƙafar da ta saki ba ta zafi, nauyi take yi.

Mataki na takwas: ranar da abin ya faru

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ku san asibitin da ke da ma'ajiyar jini kuma yake karɓar yara da dare, ku ajiye lambar mai adaidaita ko maƙwabci mai mota, ku san mutum biyu ko uku masu AA da rukunin jininsu ya dace, waɗanda za su amsa kira.

In kun ga ko da alama ɗaya, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku ɗauki littafin, ku fita. Kada a tsaya kemis, kada a tsaya ƙaramin asibitin da ba ya ƙarin jini. Kada a ɗura masa ruwa, koko, rubutu ko magani, domin maƙogwaronsa ma yana iya sakewa ya shaƙe. Kada a ba shi asfirin, tunda ba a san ko jijiya ce ta fashe ba. In yana farfaɗiya a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a yi masa hayaƙi.

Na san abin da ake faɗa in baki ya karkace: iska ce, an taka wani abu, an yi gamo. Za a samu dattijuwar da za ta ce wannan ba na asibiti ba ne. Babu bukatar gardama da ita a tsakar gida. Ku ce, "Inna, taho mu tafi, kya yi masa tofi a mota." Addu'a ba ta hana tafiya, tafiya ba ta hana addu'a.

Da isarku ku faɗi magana ɗaya a sarari: "Yaron nan SS ne, hannunsa na dama ya saki tun ƙarfe bakwai." Kada ku bi layin kati. Babban maganin shi ne jini, kuma ana so a fara cikin sa'o'i 2 da isowa, ba sai an jira hoton kai ba. Za a sa masa oksijin da ruwa, a duba sukari, zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, domin suna iya kama da juna. In jininsa ya yi ƙasa sosai za a fara da ƙari na yau da kullum, amma ba a so PCV ya haura 30, don jini in ya yi kauri ya fi toshewa. Abin da ya fi shi ne musayar jini: ana zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da lafiyayye. Ana iya yin wannan da sirinji ko babu inji. Hoton CT ko MRI zai biyo baya ya nuna ko toshewa ce ko fashewa.

In kuna hanya hannun ya dawo, magana ta daidaita, kada ku juya. Wannan gargaɗi ne, babbar tana iya biyowa cikin sa'o'i ko kwanaki.

Mataki na tara: bayan an sallamo ku

Wanda ya samu sau ɗaya, in aka bar shi ba kariya, kusan biyu cikin uku suna sake samu, yawanci cikin shekara 2 zuwa 3 na farko, kuma ta biyu takan fi muni. Don haka kada ku bar asibiti sai an faɗa muku tsarin da za a bi. Ƙarin jini kowane wata shi ne ya fi kariya ga irin wannan yaro. Inda hakan ba zai ɗore ba, haidiroksiyuriya ya fi zama haka nesa ba kusa ba, kuma a Kano an gwada shi a kan yaran da suka riga suka samu shanyewar. Dashen ɓargo yana raba mutum da sikila gaba ɗaya, an fara yin sa a Najeriya a birnin Benin a 2011, amma yana bukatar ɗan'uwa da ɓargonsu ya dace, ga tsada, ga nasa haɗarin.

A fara gashi da wuri a sashen motsa gaɓoɓi, kuma abin da aka koya muku a can ku riƙa yi a gida safe da yamma. Ku bar shi ya yi fama da maɓallin rigarsa, ya ɗauki kofi da hannun da ya raunana, ko da ruwan zai zube. Tausayin da ke sa a yi masa komai yana ƙara kashe hannun. Yara suna farfaɗowa fiye da manya, da yawa suna komawa tafiya. Sai dai a daidai nan ne ake yin sakaci: yaro ya miƙe, kuɗi sun ƙare, sai a daina zuwa asibiti, alhali jijiyar tana nan a tsuke yadda take. Ya koma makaranta da zarar ya samu ƙarfi, a kuma gaya wa malamai abin da ya faru da lambar da za su kira.

Sannan a waiwayi sauran yaran ɗakin. An lura cewa in yaro mai sikila ya samu shanyewa, 'yan'uwansa masu SS su ma haɗarinsu ya fi na sauran. Wanda ba a taɓa gwada jinotaif ɗinsa ba a gwada shi, wanda ya fito SS kuma ya kai shekara 2, a karɓar masa ranar TCD tun kafin a bar harabar asibitin.